Haƙoran Baba Huɗu da Gwiwarsa

Ku uku kun taso kuna jin ana cewa ni na jawo aka cire kakanku daga limanci. Gwaggonninku suna faɗa da raha, wasu a garinmu Kutama kuma suna faɗa ba da raha ba. Akwai masu cewa samarin unguwa ne suka tsige shi a shekarar Shari'a. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na gaji da gyara zancen a gidan biki da gidan suna, kowa da tasa. Shi ya sa na zauna zan rubuta sau ɗaya. Wanda ya karanta ya gane, madalla. Wanda bai gane ba ya sake karantawa, kada ya zo yana tambayata.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da masallacin unguwa, katangar jar ƙasa, gajera, wadda akuya mai zuciya take iya hawa. Masallacin ɗaki ne guda da rumfar kara a gabansa, ba shi da lasifika, kuma ba mu taɓa jin muna bukatarta ba. In Baba ya ta da sallar magariba, muryarsa takan tsallako ta same mu a tsakar gida, Inna tana kwashe tuwo, ƙannena suna kora kaji akurki, hayaƙin kara yana shiga ido. Karatunsa ba irin na masu jan murya ba ne. A hankali yake yi, kowane harafi sai ya ajiye shi a mazauninsa, kamar mai jera ƙwai a kwando. Da azumi mutanen wata unguwa sukan tsallake nasu masallacin su zo asham a bayansa. Ni kaina rabin surorin da na haddace daga bayan katangar nan na ɗauke su, ina wanke-wanke. Har yau in na ji ƙanshin miyar kuka da almuru sai kunnena ya miƙe yana jiran muryar.

Kakanninmu makiyaya ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Fillanci ya ɓace a bakinmu tun zamanin kakana, amma fulako bai je ko'ina ba. Baba ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya cewa ya gaji, kalmar ciwo kuwa kamar zagi ce a bakinsa. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido da ido. In yana nemana sai ya ce da Inna, "Ina waccan?" Bayan na shiga sakandare na koma "'yar makarantar nan". Sai Allah ya yi ni da baki. Inna takan ce duk kunyar da aka raba a danginmu, ranar ina barci.

Gwiwarsa ta dama ta girme ni. Yana sabon aure ya je Gude, garinsu Inna, ɗauko dawa a amalanke. A hanyar dawowa sa ɗaya ya firgita, amalanken ta kife, ta danne masa ƙafa. Mai ɗorin Gude ya jera kara ya ɗaure, Baba ya yi kwanciya mai tsawo a gidan surukai, abin da ya ce ya fi karayar ciwo. Ƙashi ya haɗu, amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa har ƙarshe ba. A zaman tahiya yakan ɗan zame ƙafar gefe, kowa ya saba, ba mai magana. Sai dai lokaci-lokaci takan tashi. Ta kumbura, ta yi zafi kamar an ɗora garwashi, ta sandare kamar icce. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, ko da kuwa ana tsakiyar bazara kowa na neman inuwa. Sai a aika a kira Baba Kyari.

Baba Kyari wanzamin gidanmu ne, shi ya yi mana askin suna dukkanmu. Babarbare ne, saboda haka abokin wasan Baba ne, kuma shi kaɗai ne a duniya yake iya yi wa Liman tsiya a bainar jama'a. Yakan zo da zabirarsa, ya shimfiɗa Baba a zaure, ya tsaga fatar gwiwar da aska, ya kafa ƙaho ya zuƙe. In jini ya taru ya juye a ƙasa ya nuna da yatsa.

"Ka gani ko, Bafillace? Mataccen jini. Duk madarar da ka sha ta mutane ba ka biya ba ce take fitowa."

Baba ya ce, "Yi aikinka, bawana. Ba surutu na saye ka ka yi ba."

Bayan kwanaki kumburin ya sauka, a ce ƙaho ya yi aiki. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har fatar gwiwar ta zama kamar bayan ƙwarya mai zane.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako, ba na tsammanin ko ya fito za a iya kai ni gaba. Rayuwa ta yi tsada. Kananzir sai an yi sa'a, taki sai labari, koko ya rabu da sukari, sabulu Inna takan yanka shi da wuƙa ta ɓoye rabi a cikin kwalla. Amma mutane suna cikin murna, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma ina ciki. Maza suka cika motoci suka tafi Kano, suka dawo muryoyi a dishe saboda kabbara. Masallacinmu ya cika har rumfa, samarin da a da sai rana ta fito suke sallar asuba suka koma sahun gaba. Kowa ya shiga tambayar hukuncin komai, daga tsawon wando har awon hatsi. Muna gani kamar gyara ya zo, wahala ta kusa ƙarewa.

A wannan daminar ce gwiwar Baba ta ƙi sauka. Ta tashi, a yi ƙaho, ta ɗan lafa, kafin tsagar ta bushe ta sake tashi fiye da da. Ruku'u yana iyawa da dabara, sujada ce ta gagara. Sai ya koma sallah a zaune, ƙafa a miƙe, yana sunkuyar da kai. Ya sa Malam Sabi'u ya riƙa shiga gaba kafin ya warke. Sabi'u ɗan maƙwabcinmu ne, a zauren Baba ya fara karatu, daga baya ya tafi Kano ya ƙaro. Kada wanda ya ce muku mugu ne. Yaro ne mai ladabi, mai gudun abin da zai ɓata wa mutane sallah. Amma magana ta fara yawo. Dattawa suna cewa a jira Liman, samari suna cewa jiran har yaushe, ga azumi na tafe, a san wanda zai ja asham. Wata rana bayan la'asar samarin suka turo Sabi'u wurin Baba. Ina bayan ƙofar zaure ina tsince wake, kuma ban tashi ba, don ban ga dalilin tashi ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, ya sake tambayar jiki. Sai ya fara kame-kame.

Baba ya ce, "Sabi'u, na san abin da ya kawo ka. Wanda ba ya iya sujada ba ya jan masu iyawa. Ni na karantar da kai babin, a nan inda kake durƙushe."

"Allah gafarta Malam, wallahi ba ni na..."

"Na sani. Je ka gaya musu, in watan azumi ya tsaya goshina bai taɓa ƙasa ba, ka shiga gaba ka zauna. Ba sai an sake taro a kaina ba."

Na ajiye waken. Baba ya gaji limancin nan ne daga malaminsa, ya riƙe shi tun kafin a yaye ni. Ban san shi da wani abu ba bayan shi da gona.

To ni ce mai kai masa abinci, ni ce mai ɗauko kwano. Mai ɗauko kwano kuwa tana ganin abin da ba a faɗa. Na daɗe da lura cewa akwai ranakun da tuwo yake dawowa an ɗan taɓa gefe ɗaya, ƙanzon da yake so ba a kula shi ba, gasasshiyar masara ta dawo yadda ta tafi. Sai ya aiko a dama masa kunu. A irin ranakun ne yake cewa a daka masa kanumfari, ɗakinsa ya ɗauki ƙanshinsa, ya kuma ja amawali ya rufe baki har hanci ko da ana zafi. Na kuma ga magogin goro na marigayiya kakata a ƙarƙashin buzunsa, shi da yake fasa goro da haƙori ɗaya. Duk wannan na gani ban haɗa ba. Sai a daminar nan da abin ya yi ta maimaituwa kusa da kusa na gane tsarinsa. Kunu da kanumfari su ne ke fara zuwa. Bayansu da kaɗan sai a ce gwiwa ta tashi. Ba a taɓa yin gwiwa ba tare da kunu ya riga ta ba. Na gaya wa Inna a madafa.

Ta ce, "Ke, ina ruwan baki da gwiwa? Wannan na sama, wannan na ƙasa."

"Ni ma ban sani ba, Inna. Amma tare suke tashi. Ki tambaye shi."

"In tambayi Malam me ke cikin bakinsa? Ashe ba ki da hankali. Shekara nawa muna tare bai ce mini yana ciwon haƙori ba, sai ni in je in ce masa yana yi?"

"To ai yana yi."

"Tashi ki ba ni wuri, Dije. Kuma kada in ji, kada in gani."

Ta ji, ta kuma gani. Da Baba Kyari ya dawo da zabirarsa, aka ce in kai ruwan ɗumi zaure. Na kai, na ajiye, ban fita ba. Baba yana kwance a tabarma, gwiwar tana sheƙi, Baba Kyari yana wasa aska a tafin hannu yana neman inda fata ta rage bai tsaga ba. Na durƙusa, don rashin kunyata ba ta kai in yi magana a tsaye ba.

Na ce, "Baba Kyari, kafin ka yanka, ka ce ya sauke amawali ka duba bakinsa."

Baba bai dube ni ba, ya dubi azara.

Ya ce, "Kyari, gaya wa waccan ta koma cikin gida."

Na ce, "Zan koma, Baba. Amma kwana biyu ke nan kunu kake sha, ni nake daka kanumfarin. Duk sanda bakin ya tashi gwiwar take tashi. Ana ta yanka ƙafa, ƙafa ta ƙare."

Baba Kyari ya dube ni, ya dubi Baba, ya ajiye aska. Ya ce, "Bafillace, buɗe."

"Ba ka da hankali ne?"

"Ni na yi maka aski jiya-jiya, kanka a hannuna yake kamar ƙwarya. Yau bakinka ne zai gagare ni? Buɗe, ko in kira yaran unguwa su danne mini kai."

Ban ga cikin bakin ba, don na sunkuyar da kai. Fuskar Baba Kyari na gani. Wasan ya bar ta gaba ɗaya. Ya yi salati a hankali, ya ce dasashin duk ya kumbura yana fitar da mugunya, haƙoran sama na gaba suna rawa kamar turken da aka kafa a yashi.

Ya ce, "Haba Malam. Da wannan kake kwana kake tashi, kana ja mana sallah? Ni ina cire haƙori, amma wannan ya fi ƙarfin askata. Ko yana da haɗi da gwiwa ko ba shi da shi, sai asibitin Gwarzo."

Ranar Inna ba ta yi mini magana ba, washegari ma haka. Ta ce na tsiraita mahaifina a gaban baƙo. Baba kuwa ya daina karɓar abinci daga hannuna, sai ƙanwata. Na ce a raina, ku yi ta fushi, ni dai na faɗa. Ana cikin haka wata safiya na ji ya ce da Inna daga ƙofar ɗakinsa, "Gaya wa 'yar makarantar nan ta shirya. Ita ta jawo, ita za ta karanta takardun."

Mai yana wahala a lokacin, mun daɗe a bakin hanya kafin mu sami a-kori-kura mai zuwa Gwarzo. Aka sa Baba a gaba saboda ƙafar, ni da Baba Kyari muka hau baya tare da buhunan barkono, muka yi ta atishawa har asibiti. Likitan da ya gan mu siriri ne mai tabarau, ga alama ya gaji, amma ya ba mu lokaci. Ya shafa gwiwar, ya lanƙwasa ta iya inda ta tsaya, ya bi tabon tsagar da yatsa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan zanen?"

Baba Kyari ya ce, "Wani Bafillace ne a garinmu, mun kore shi."

Likitan ya yi dariya. Na gaya masa zancen kunu da kanumfari, ina jiran ya ce shirme ne. Bai ce ba. Ya haska bakin Baba da tocila, ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna ya yi mana bayani da Hausa, yana kallon Baba. Ya ce tabon da ke waje ba shi ne damuwar ba, akwai wani a cikin gaɓar. Lokacin da karayar ta warke, nama ya yi saƙa a ciki, ya kama abin da bai kamata ya kama ba, shi ya sa gwiwar ba ta kai ƙarshe. Ya ce tabon nan ba mataccen abu ba ne, yana da rai, jini yana ratsa shi. In wani wuri a jiki ya ruɓe yana ƙuna, kamar dasashin nan, jiki yakan tashi yaƙi, kuma yaƙin ba ya tsayawa a baki kaɗai, jini yana zagawa da zafinsa ko'ina. Lafiyayyen wuri yakan jure. Tsohon rauni shi ne yake amsawa, ya kumbura, ya ƙara kauri, ya ƙara ɗaurewa.

Ya ce, "Malam, ka san katangar da aka taɓa yi wa yaɓe. In damina ta zo, ina ne yake fara jiƙewa?"

Baba ya ce, "Wurin yaɓen."

"To haka ne. Ban ce haƙori ne ya karya maka ƙafa ba, kuma ba zan yi maka alkawarin za ta koma ta saurayi ba. Amma muddin wutar nan tana ci a bakinka, gwiwar ba za ta huta ba, kuma duk tashin da ta yi tana barin ɗauri a baya. A kashe wutar, a daina tsaga, ka riƙa lanƙwasa ta kullum ko tana ciwo. Ina sa ran za ka samu abin da ka rasa a bana."

Mai duba haƙori ya ce huɗu ne ba su da ceto, kuma biyu daga ciki su ne na gaba a sama. A nan Baba ya yi tambayar da ni ban kawo a raina ba.

"In an cire na gaban, iska za ta riƙa fita in ina karatu?"

"Za ta fita, Malam. Ba zan ɓoye maka ba."

"Na roba fa?"

"Sai Kano, kuma sai dasashi ya warke sarai. Ka kuma san halin da ake ciki."

Mun san halin da ake ciki. Ko allurar kashe zafi da safar hannu sai da aka rubuta mana muka sayo a waje. Baba ya ce a ba shi lokaci. Ya fita ya zauna a gindin wata darbejiya a harabar asibitin. Aka kira azahar, masu jinya suka shimfiɗa tabarmi suka yi sahu a inuwar. Baba ya ja jiki ya zauna a ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe. Ina daga nesa ina kallo. Duk sanda aka yi sujada sai bayan kowa ya kwanta, ya rage shi kaɗai a sama, farin rawani a tsakiyar fili, yana sunkuyar da kai iya wuya. Da aka sallame ya yafito ni da hannu, karo na farko a rayuwata.

Ya ce, "Je ki ce masa na yarda."

Sai a lokacin abin ya sauko mini. Na ce, "Baba, karatun fa?"

Ya ce, "Ke kika fara. Yanzu kuma za ki tsaya a hanya? Je ki."

Ba a cire su rana ɗaya ba, sai da muka yi ta komawa, ana ba shi magani ana wanke dasashin. Inna ta huce da ta ga abin da aka fitar. Ita ta karɓi aikin gashi, safe da yamma, ruwan zafi da tsumma, tana dannawa yana kallon azara kamar ba ƙafarsa ba ce. In ta gama sai ya ɗaura tsohon rawaninsa a idon sawu, ya kama bakin biyu ya riƙa jawo ƙafar zuwa jikinsa, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ba ya ko nishi. Baba Kyari yakan leƙo ba zabira.

"Ina maijego? An sha kunun kanwa kuwa? Yaushe ne suna, in zo aski?"

Baba ya ce, "Fitar mini daga gida," iska tana fita ta gurbin haƙoran, su duka biyu suka fashe da dariya. Inna ta juya baya tana goge ido.

Ba dare ɗaya aka warke ba. Kumburin ya sauka a hankali, ya ɗan dawo, ya sake sauka, sannan bai dawo ba. Aka yanke gero, dawa ta sunkuya, gwiwar tana ƙara ba da kai kaɗan-kaɗan. Wata hantsi na zo wucewa ta ƙofar ɗakinsa da tsintsiya, na hango shi a kan buzu, gwiwa biyu a ƙasa, goshi a ƙasa. Na tsaya. Bai ɗago ba. Na jira har na tsorata, na ɗauka ƙafar ce ta riƙe ya kasa tashi, na ruga na kira Inna. Muna tsaye a ƙofa ya ɗago a hankali, ya zauna, ƙafar a ɗan zame kamar da, ya yi tahiya ya sallame. Gemunsa a jiƙe.

Ya ce, "Wa ya kira ku?"

Saura kwanaki azumi ya koma gaba. Magaribar farko ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru irin haka ba, har kaji kamar sun sani. Ya yi kabbara, ya fara Fatiha. Muryar tana nan, natsuwar tana nan, amma wasu haruffan suna zuwa da ɗan fito, kamar iska ta ratsa zana. Wasu kuma da yake ajiye su daram sai suka riƙa zamewa. Inna ta tsaya da mara a hannu, tuwo yana huci. Ba wadda ta kalli wata. A masallaci ba wanda ya ce uffan. Dattawa suka yi ta hamdala, samari suka zo gaisuwa, Sabi'u da bakinsa ya gaya wa masu tambaya cewa sallah ta inganta, babu abin da ya same ta. Magana ta mutu. Na ce a raina mun ci nasara.

Ana gobe za a duba wata, bayan la'asar, Baba ya aika aka kira Sabi'u zaure. Ina bayan ƙofa, wannan karon ba ko waken.

Ya ce, "Gobe in an ga wata, kai za ka ja asham. Daga nan kuma ka ci gaba."

Sabi'u ya ce, "Allah gafarta Malam, sharaɗin goshi ne, kuma goshi ya taɓa ƙasa. Kowa ya gani. Wallahi ba mai ƙorafi."

"Ba mai ƙorafi saboda kuna jin kunyata. Ni kunnena ba ya jin kunyata. Asham doguwar sallah ce, akwai yara a bayan katanga suna ɗauka. Su ɗauka daidai."

Sabi'u ya yi kuka, na ji shi. Ya roƙa, ya ce a kira dattawa. Baba ya ce ai tun farko ya faɗa ba za a sake taro a kansa ba. Da yaron ya fita ban jira an neme ni ba, na shiga. Raina a ɓace yake, kuma kun san ni.

Na ce, "To me aka yi ke nan, Baba? An sha wahala, an zubar da haƙora, ƙafa ta warke, limancin kuma ka bayar da hannunka. Da mun sani ai da mun bar bakin yadda yake."

Na ɗauka zai ce a gaya wa waccan ta fita. Sai ya dube ni, ido da ido.

Ya ce, "Tun a gindin darbejiyar nan na san ba zan riƙe duka biyun ba. Limanci na jama'a ne, ko ba ni wani zai yi musu. Sujada fa, wa zai yi mini?"

Na juya na koma cikin gida.

Daga ranar ya koma sahun farko, daidai bayan liman. In Sabi'u ya yi tuntuɓe a aya, sai mu ji 'yar muryar nan mai fito ta ɗora masa daga baya, a hankali, mu yi murmushi a tsakar gida. Gwiwar ba ta daina tashi ɗungurum ba. In ya yi mura mai nauyi ko cikinsa ya ɓaci takan yi tsami ta ɗaure, amma mun riga mun koyi darasi. Ba ma kallon ƙafar, sai Inna ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, yau kuma ina ne?" Ita da ta ce ba a tambayar Malam. Shekaru bayan haka ƙanena ya kai shi Kano aka yi masa na roba. Ya sa su sau biyu, ya ce suna ƙara kamar kofaton jaki a kan dutse, ya zuba su a gwangwani.

Wannan shi ne tsohon da kuka sani, mai fito in yana magana, wanda kuke kwaikwayo a bayan idonsa kuna dariya. Ban taɓa hana ku ba, don shi ma dariyar yake yi. Bai ƙara sallah a zaune ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Buzunsa yana ɗakina, a saman akwati. Gashin buzun yana nan ko'ina, ban da wuri ɗaya da ya cinye har fata, daidai inda goshi yake sauka. Duk wanda ya ƙara ce muku cire kakanku aka yi, kada ku tsaya musu da shi. Ku kawo mini shi in shimfiɗa masa ya gani.